Yaro Ya Ƙoshi Amma Ya Ƙi Taka Ƙafa: Ƙarancin Bitamin C A Jikin Yara

Idan aka yi maganar yunwa a jikin yaro, abin da yake faɗo wa yawancinmu a rai shi ne ramammen yaro mai ƙaton ciki, ko wanda ƙafafunsa suka kumbura gashinsa ya yi ja. Amma akwai wata irin yunwa wadda ba ta nuna kanta haka. Yaro yana cin tuwo dare da rana, yana shan kunu da safe, ba a taɓa barinsa ya kwana da yunwa ba. Duk da haka sai a wayi gari ya daina wasa, ya ƙi taka ƙafa, in an ɗauke shi ya tsala kuka. In aka buɗe bakinsa sai a ga dasashi ya kumbura yana tsattsafo da jini. Irin wannan yaro abu guda ya rasa a abincinsa, wato bitamin C. Likitoci suna kiran cutar da suna sikabi.

Abin da ƙaramin yaro yake bukata na wannan sinadari a rana bai wuce nauyin ƙwayar dawa guda ba. Amma idan ya yi wata biyu ko uku bai samu ba, jikinsa yakan fara lalacewa daga ciki, kuma in ba a gane ba abin yana iya kaiwa ga rasa rai. Shi ya sa ya kamata iyaye, da kakanni masu riƙon jikoki, da masu aikin rabon abinci su san yadda abin yake.

Aikin da yake yi a jiki

Mai ginin ƙasa ya san cewa tubali kaɗai ba ya zama bango. Sai an samu kwaɓi mai kyau da zai riƙe wannan tubali da wancan. A jikin mutum ma akwai abin da yake yin aikin kwaɓin nan, ana kiransa kolajin. Shi ne yake riƙe fata, da bangon jijiyoyin jini, da dasashi, da ƙashi, da guringuntsi. Kullum jiki yana rushe tsohon kolajin yana yin sabo, kuma ba ya iya yin mai ƙwari sai da bitamin C. In babu shi, sabon da za a yi sai ya fito da rauni. Ƙananan jijiyoyin jini su riƙa fashewa da ɗan abu kaɗan, miki ya ƙi warkewa, haƙora su fara girgiɗa. Yaro kuwa yana cikin girma, ƙashinsa yana ƙara tsawo kullum, saboda haka a ƙashi ne abin ya fi cinsa.

Yana da wani aiki na biyu. Sinadarin ƙarfe da yake cikin wake, da gero, da ganye, wanda jiki yake yin jini da shi, ba ya shiga jiki da sauƙi. Bitamin C yana taimaka wa hanji ya tsotse shi. Wannan na cikin dalilan da suka sa yaron da ya rasa bitamin C yakan haɗa da ƙarancin jini.

Akuya, da saniya, da kare, da kaza duk jikinsu yana yi musu bitamin C da kansa. Mutum bai samu wannan ba, dole sai ya ci daga waje. Kuma jikinmu ba ya ajiye shi da yawa. Babban mutum mai cin abinci sosai yana ɗauke da kimanin miligiram 1,500 a jikinsa, kuma alamun cuta sukan bayyana idan ya ragu ƙasa da 300. Giram ɗaya shi ne miligiram 1,000. Daga ranar da aka daina samu zuwa fitowar alamu, wata ɗaya ne zuwa uku.

Bisa ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya da Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya suka fitar a 2004, jariri ɗan ƙasa da wata shida yana bukatar miligiram 25 a rana, wanda nonon uwa yake ba shi. Daga wata bakwai zuwa shekara shida ana bukatar 30, daga shekara bakwai zuwa tara 35, daga goma zuwa sha takwas 40. Mai juna biyu tana bukatar 55, mai shayarwa 70. Rabin lemon zaƙi guda ya ishi yaro ɗan shekara uku a yini.

Buhun hatsi ba ya ɗauke da shi

Busasshiyar masara ba ta da bitamin C. Haka dawa, da gero, da shinkafa, da busasshen wake, da man girki, da gishiri, da sukari. Duk wanda ya taɓa tsayawa a layin karɓar kayan agaji zai lura cewa jerin nan shi ne kusan duk abin da ake rabawa. An zaɓi waɗannan kaya ne domin suna jure tafiya da ajiya, suna kuma cika ciki. Suna ceton rai daga yunwa, wannan babu shakka. Amma iyalin da ya dogara gare su kaɗai wata da watanni yana kan hanyar sikabi.

Da can cutar matuƙan jirgin ruwa ce, domin sukan yi watanni a teku ba su ci ɗanyen abu ba. A 1747 wani likitan sojan ruwan Ingila mai suna James Lind ya ɗauki matuƙa 12 masu fama da ita, ya kasa su biyu-biyu, ya ba kowane kashi magani dabam. Biyun da aka ba lemon zaƙi da lemon tsami su ne suka warware cikin 'yan kwanaki. Duk da haka sai a 1795 rundunar ruwan Ingila ta fara ba sojojinta ruwan lemon tsami a kai a kai. Shi kansa sinadarin ba a gano shi ba sai a farkon shekarun 1930, kuma Albert Szent-Gyorgyi, mutumin ƙasar Hangari da ya samu kyautar Nobel a 1937, daga jan tattasai ya tace shi da yawa.

An ɗauka cutar ta zama tarihi, sai ga ta ta dawo a sansanonin 'yan gudun hijira. A 1982 an same ta a sansanonin Somaliya da suka karɓi mutanen da suka tsero daga Habasha. Da yawansu makiyaya ne, waɗanda a gida nonon raƙumi yake ba su bitamin C, domin ya fi na saniya yawan wannan sinadari. Da suka rabu da dabbobinsu suka koma kan hatsi da mai, sai cutar ta kama su. Binciken da aka yi a sansanonin Somaliya da Sudan tsakanin 1985 da 1987 ya samu alamunta a jikin kimanin kashi 14 cikin ɗari na mutanen wani sansani, a wani kuma har kashi 44. An lura cewa gwargwadon daɗewar mutum a sansani, gwargwadon haɗarin kamuwarsa. A watan Maris na 2002, a gundumar Taiwara ta yammacin Afganistan, fari da dusar ƙanƙara sun tsare ƙauyuka har mutane suka riƙa zubar da jini suna mutuwa. Da fari an zaci wani mugun zazzaɓi ne mai yaɗuwa, daga baya aka tabbatar sikabi ne.

Abin da ya faru a sansanin Kakuma na ƙasar Kenya a 2017 da 2018 ya fi kusa da irin zaman da muka sani. An samu samari 45 'yan Sudan ta Kudu da cutar. Ana ba su hatsi, ana kuma ba su ɗan kuɗi domin su sayi kayan lambu. Amma hatsin ba ya isarsu, sai suka riƙa sayen ƙarin abin cika ciki da kuɗin. Babu wanda zai ga laifinsu. Kowace uwa mai 'ya'ya shida da kuɗin cefane kaɗan a hannu ta san wannan lissafi, mudun masara ne farko, tumatir in an samu saura. Iyalan da rikici ya raba da gonakinsu da lambunansu a arewa maso gabas da sauran sassan ƙasar nan, da waɗanda ambaliya ta kora, suna cikin wannan hali ko suna zaune a sansani ko a gidan 'yan'uwa.

Kuma kada a ɗauka cutar talakawan Afirka ce kawai. A Faransa an ƙirga yara 888 da aka kwantar a asibiti saboda sikabi tsakanin 2015 da 2023, kuma adadin ya ƙaru bayan annobar korona, lokacin da abinci ya yi tsada.

Yaran da suka fi shiga haɗari

Jaririn da yake shan nonon uwa da wuya ya kamu, muddin uwar tana samun ganye da 'ya'yan itace ko da kaɗan ne. Matsalar takan taso ne ga wanda ya rasa nonon. A 1883 wani likitan yara a Landan, Thomas Barlow, ya bayyana yadda cutar take a jikin jarirai, har ake kiranta da sunansa. Abin mamaki, a wancan zamani da yawan yaran da take kamawa na masu hali ne, waɗanda aka ɗauke su daga nono aka ɗora su kan tafasasshiyar madarar shanu da garin jarirai na kanti. Madarar shanu dama bitamin C ɗinta kaɗan ne, tafasawa kuma tana kashe yawancin abin da yake ciki.

A wurinmu wannan shi ne marayan da kaka ko goggo take reno da koko da madarar shanu, ko madarar gwangwani ta shayi. Haka yaron da aka yaye da wuri saboda uwar ta samu wani ciki, aka bar shi da kunu safe, rana da dare. Irin waɗannan sukan nuna alamu daga wata shida zuwa shekara biyu. A lura, ba ana cewa a daina tafasa madara ba ne. Tafasawar tana kare yaro daga cututtuka masu haɗari, a ci gaba da yi. Abin da ake bukata shi ne a haɗa masa da wani abin da zai cike gurbin.

Sai kuma yaro mai tsananin zaɓen abinci. Akwai yaran da ba su cin komai sai abu biyu ko uku, kamar burodi da shayi, ko taliyar leda, ko farar shinkafa. Wannan ya fi yawa ga yara masu lalurar galahanga da masu matsalar ƙwaƙwalwa ko ta haɗiya. A gidan da abinci yake a wadace ma irin wannan yaro yana iya kamuwa, kuma ba kasafai ake kawo yunwa a rai ba tun da gidan ba na rashi ba ne. Yaron da ya daɗe yana gudawa, ko wanda ya ƙone sosai, shi ma bukatarsa takan ƙaru.

Yadda ake gane ta

Alamun farko ba su da wani bambanci da na sauran cututtuka. Yaro ya zama mai yawan kuka da saurin fushi, ya rage cin abinci, ya yi kasala, wani lokaci da ɗan zazzaɓi. A wannan mataki yawanci akan ce haƙori ne, ko shawara, ko zazzaɓin cizon sauro.

Daga nan sai ciwon ƙafa. Ƙashi yana lulluɓe da wani siririn tantani, kuma idan ƙananan jijiyoyi suka fashe, jini yakan taru tsakanin tantanin da ƙashin, musamman a cinya kusa da gwiwa da kuma ƙwauri. Zafin yana da tsanani ƙwarai. Yaron da ya riga ya fara tafiya sai ya soma ɗingishi, ya koma rarrafe, daga bisani ya ƙi motsi gaba ɗaya. Jariri kuwa yakan kwanta rigingine, ya buɗe cinyoyi ya ɗan lanƙwasa gwiwoyi kamar kwaɗo, ba ya so a taɓa shi. Uwa za ta lura cewa yana kuka tun kafin ta ɗauke shi, da zarar ya ga ta nufo shi, kuma kukan ya fi tsanani lokacin wanka, ko goyo, ko sauya masa tsumma. Jaririn da ya saba yin shiru in an goya shi, yanzu goyon ne yake sa shi ihu, wannan abin lura ne. Wani lokaci gwiwa ko cinya takan kumbura, kuma akan ji wasu ƙulle-ƙulle a jere a ƙirji inda haƙarƙari ya haɗu da guringuntsi.

A baki, dasashi yakan kumbura ya yi laushi, launinsa ya koma ja mai duhu, yana jini in an taɓa ko in ana tauna. Amma wannan yana fitowa ne a inda haƙori ya tsiro. Jaririn da bai yi haƙori ba bakinsa yana iya zama lafiya lau alhali cutar ta ci ƙashinsa. Saboda haka rashin jini a baki ba hujja ba ce cewa babu ita.

A fata akan ga ƙananan ɗige-ɗigen jini a gindin gashi, da tabon taruwar jini ba tare da an buge ba. A jikin baƙar fata waɗannan ba su fitowa sarai, sai an duba da kyau a cikin hasken rana, musamman a ƙafafu. Ƙaramin rauni ya ƙi warkewa. Tafin hannu da cikin fatar ido su yi fari saboda ƙarancin jini. Wasu yaran sukan yi haɓo ko fitsari da jini.

Abin da za a yi, da abin da za a guje wa

A kai yaro asibiti ko ɗakin shan magani, kada a tsaya gwaji a gida. Dalili shi ne cututtuka da dama suna kama da wannan. Amosanin jini yana kawo ciwon ƙashi da kumburi. Ƙwayar cuta tana iya shiga ƙashi ko gaɓa ta tara mugunya. Sankarar jini tana kawo ciwon ƙafa da jinin dasashi. Shan inna ma tana hana tafiya, sai dai ita ƙafar takan saki ne ta yi laƙwas, shi kuwa mai sikabi yana iya motsa ƙafar, zafi ne yake hana shi. Akwai kuma cutar noma mai cin fuska, wadda sunanta kawai ya yi kama da aikin gona. Ita ma daga kumburin dasashi take farawa a jikin yara masu tamowa, galibi 'yan shekara biyu zuwa shida, sai warin baki da kumburin kunci, kuma cikin 'yan kwanaki take ɓarna. Akwai asibiti na musamman dominta a Sakkwato tun 1999. Kumburin dasashi tare da wari da kumburin fuska ba abin jira zuwa gobe ba ne.

Idan an je, a gaya wa ma'aikacin lafiya ainihin abin da yaro yake ci, ba abin da ake ganin ya kamata a ce ba. A ce masa wata nawa rabon yaron da ɗanyen abu. Iyaye da yawa suna jin kunyar wannan, amma sau da yawa wannan bayani shi ne yake sa a gane cutar, domin likitoci da yawa ba su taɓa ganinta da idonsu ba, kuma gwajin jini na bitamin C ba ko'ina ake yinsa ba.

Kada a kai yaron wurin mai ɗori a ce targaɗe ne. Ja da murza suna ƙara fasa jijiyoyin, kuma ƙarshen ƙashin da ya yi rauni yana iya gocewa. Kada a yi tsaga ko sakiya a wurin kumburin, domin jikin da ba ya iya warkar da ƙaramin rauni ba zai iya da yankan aska ba. Kada a goge dasashin da gawayi ko gishiri da ƙarfi.

Maganin yana cikin mafi araha a duniya. Akan ba yaro ƙwayar bitamin C miligiram 100 zuwa 300 a rana, gwargwadon yadda ma'aikacin lafiya ya tsara, na tsawon makonni. Cikin kwana ɗaya zuwa uku kuka yakan ragu, yaro ya fara neman abinci, jinin dasashi ya tsaya. Cikin mako biyu yawancin yara sukan koma taka ƙafa. Ƙashi kuwa yakan ɗauki wata ɗaya zuwa uku kafin ya murmure sosai. Amma in aka gama shan ƙwayar aka koma kan abincin da ya jawo cutar, za ta dawo.

Sai dai a kula, ƙwayoyin nan na bitamin C da ake sayarwa a kemis ba alawa ba ne, ko da yake yara suna son tsotsonsu. Yawansu yana kawo ciwon ciki da gudawa, kuma ba su hana mura kamar yadda ake yayatawa. Yaro mai samun 'ya'yan itace ba ya bukatarsu.

Inda ake samunsa

A cikin abin da muke da shi, gwaba tana kan gaba. Giram 100 nata yana ɗauke da fiye da miligiram 200, wato ninki huɗu na lemon zaƙi, wanda yake da kimanin 50. Gwaba guda matsakaiciya ta ninka bukatar ƙaramin yaro sau uku ko fiye. Tsokar yazawa ma haka take da yawa, ga shi a wurare da dama ƙwallon ake cirewa a bar tsokar ta ruɓe a gindin bishiya. Gwanda tana da kimanin 60, abarba kusan 50, mangwaro kimanin 35, ɗanyen kabeji kusan haka. Ɗanyen jan tattasai ya haura 100. Tumatir yana da kimanin 14, ayaba da kankana ƙasa da 10, saboda haka su sai an ci da ɗan yawa. Ɗanyen zogale da alayyafo suna da shi sosai kafin a dafa.

'Ya'yan kuka sun cancanci a tsaya a kansu. Farin garin nan mai tsami da yake cikin ƙwame, wanda ake yin kwalba da nono da shi, yana cikin abinci mafi yawan bitamin C a duk yankinmu. Yawansa ya bambanta daga bishiya zuwa bishiya, amma yawanci ya ninka lemon zaƙi. Cokali biyu zuwa uku na garin sun ishi ƙaramin yaro a yini. Ya fi sauran da abu biyu: a cikin rani yake nuna, lokacin da ganye ya bushe, kuma yana daɗewa a cikin ƙoƙonsa bai lalace ba. A dama shi da tsabtataccen ruwa, ko a zuba a kunu bayan ya huce, kada a tafasa. A lura fa, garin 'ya'yan ake nufi. Busasshen ganyen kuka na miya yana da nasa amfani, amma shanya da dahuwa sun riga sun tafi da yawancin bitamin C ɗinsa.

Ba kowane abu mai tsami ne yake da bitamin C ba. Tsamiya duk da tsaminta kaɗan ƙwarai take da shi, don haka kunun tsamiya ba ya biyan wannan bukata. Zoɓon da aka busar aka tafasa shi ma ba abin dogaro ba ne. Shi kuwa lemon kwalba, suna kawai ya ara. Ruwa ne da sukari da kala. Kuɗin kwalba guda ya isa a saya wa yaran gida gwaba ko lemon zaƙi na gaske.

A wasu wurare ana hana yara mangwaro wai yana kawo zazzaɓi, ko gwaba wai 'ya'yanta suna toshe hanji. Zazzaɓin cizon sauro daga sauro yake, ba daga mangwaro ba. Gudawar da akan gani lokacin mangwaro kuwa yawanci daga ƙuda da rashin wankewa take. A wanke da ruwa mai tsabta, a wanke hannun yaro, a ba shi. Ga jariri, nono zalla har wata shida, ba ruwan lemo ba komai. Uwar ce za ta ci 'ya'yan itacen. Daga wata shida sai a fara ba shi cokali biyu ko uku na nunanniyar gwanda ko mangwaro da aka murƙushe, ko gwaba da aka tace aka cire 'ya'yan, ana ci gaba da shayarwa.

Tukunya tana cinye rabonsa

Gida yana iya sayen ganye kullum amma yara su tashi a tutar babu, saboda yadda ake girki. Bitamin C yana narkewa a ruwa, zafi yana kashe shi, iska da rana ma haka. Idan aka yanka alayyafo ƙanana sannan aka wanke, wani kaso ya bi ruwan wanki. Idan aka dafa zogale ya daɗe a wuta aka tsiyaye ruwan aka zubar, yawancinsa ya tafi. Miyar da ta kwana aka yi ɗumame da ita, ɗan abin da ya rage ma ya ƙare. Kauɗa da busasshiyar kuɓewa da busasshen barkono suna rufa asirin miya, amma ba a lissafa su a nan.

Sai kanwa. Tana sa wake ya nuna da wuri, ta sa ganye ya yi kore shar, ta sa kuɓewa ta yi yauƙi, kuma tana rage cin itace, wanda ba ƙaramin abu ba ne. Amma tana gaggauta lalacewar bitamin C. A wake babu asara tun da dama ba shi da shi. A ganye kuwa gara a bar ta, ko a rage ƙwarai.

Gyaran ba shi da wuya. A wanke ganye kafin a yanka, a yanka dab da zubawa, a sa shi a ƙarshen girki, a rufe tukunya, a sauke da zarar ya yi laushi. Ruwan dahuwar ya shiga miya. Idan an yi kwaɗon zogale ko na rama, a yanka ɗanyen tumatir da tattasai a kai, a matsa lemon tsami. Haka in an dafa wake ko shinkafa da wake, ɗan ɗanyen tumatir ko kabeji a gefe yana ba da bitamin C, yana kuma taimaka wa jiki ya amfana da ƙarfen da yake cikin waken. Shayi kuwa akasin haka yake yi, gara a raba shi da lokacin cin abinci.

Garin kunun agaji na masara da waken soya an ƙara masa bitamin C, amma doguwar dahuwa tana rage shi, don haka a bi lokacin da aka rubuta ko aka faɗa wurin rabo. Ɗan ƙunshin garin sinadarai da ake ba yara 'yan wata shida zuwa shekara biyu, a barbaɗa shi a abincin yaro bayan an sauke ya huce, ba a cikin tukunya ba. Kuma na yaron ne, ba na raba wa gida duka ba.

Lokacin da ya fi wuya

Shekara ba ta tafiya daidai. Da hunturu akwai lemo a kasuwa, kayan lambun fadama suna araha, ga 'ya'yan kuka. Da bazara ga mangwaro da yazawa. Da damina ta kankama ga rama, da yakuwa, da tafasa, da alayyafo, daga baya gwaba ta nuna. Giɓin yana tsakanin ƙarewar mangwaro da fitowar ganye, lokacin da tumatir yake tsada, rumbu ya yi ƙasa, kuɗi kuma ya tafi ga taki da iri. Tun da jiki yana iya jure wata ɗaya zuwa uku kawai, damina in ta makara giɓin yana iya kaiwa haka. A wannan lokaci ne ƙwamen da aka ajiye tun rani yake amfani.

Wanda ba shi da gona yana iya shuka alayyafo ko yakuwa a tsohon buhu ko fasasshen bokiti, yana ba su ruwan da aka wanke hatsi da shi. Alayyafo yakan isa tsinka cikin mako huɗu zuwa biyar. Zogale guda a tsakar gida, in yana samun ɗan ruwa, yana ba da ganye har cikin rani. Inda ko wannan ba ya yiwuwa, akwai dabarar da aka yi amfani da ita a sansanoni: busasshen wake ba shi da bitamin C, amma in ya tsiro yana samu. A jiƙa shi ya kwana, a tsiyaye, a shimfiɗa a cikin jiƙaƙƙen tsumma mai tsabta a inuwa, ana ɗauraye shi da ruwa mai kyau safe da yamma. Bayan kwana biyu zuwa uku zai fito da tsiro. A dafa shi sama-sama har ya nuna kafin a ba yara, kada a ba su ɗanye, kuma kada a yi amfani da irin shuka da aka zuba wa magani.

Masu rabon abinci kuma, idan iyali ya kai wata biyu ba shi da komai sai hatsi, da wake, da mai, a tambayi uwar gida yaushe rabon yaranta da ɗanyen abu, a duba bakin yaran, a ga ko akwai wanda ya daina tafiya. In an samu ko da yaro ɗaya mai alamun nan, a sanar da ma'aikatan lafiya na yankin, domin sauran yaran da suke ci daga tukunya ɗaya da shi su ma suna bukatar a duba su.